GAWAR MUSULMI A HANNUN KAMFANIN JANA'IZA

(Matanin laccar da aka gabatar a zaman ƙara wa juna sani na wata-wata. Mun ga dacewar buga shi saboda amfanin 'yan'uwa na gida da na ƙetare.)

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya yanka wa kowane rai lokacinsa da wurin da zai kwanta dama. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W) da iyalan gidansa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. 

A ƙasarmu, idan mutum ya rasu da asuba, kafin hantsi an yi masa wanka an haɗa shi, an sallace shi a ƙofar gida, matasa sun ɗauki makara, kafin azahar an dawo daga maƙabarta. Wannan ni'ima ce da muka gada, har muka saba da ita ba ma ganin girmanta. To amma a yau da wuya a sami unguwa a Kano ko Zariya ko Damagaram ko zangon Kumasi wadda ba ta da ɗa a Ingila ko Amurka ko Faransa ko Jamus, wani karatu ya kai shi, wani neman abinci, wani kuwa jinya. Allah Ya riga Ya sanar da mu a ƙarshen Suratu Luƙman cewa babu ran da ya san ƙasar da ajalinsa zai riske shi. Idan ajali ya riski ɗanmu a can, gawarsa takan faɗa hannun wasu mutane da ake kira kamfanin jana'iza, mu kuma a nan gida sai a bugo mana waya ana neman shawara. Abin da za mu faɗa a wannan waya yana iya zama sanadin a binne shi bisa Sunna cikin kwana biyu, yana kuma iya zama sanadin a yanka jikinsa a ajiye shi makonni. Wannan shi ne dalilin zamanmu na yau.

HAƘƘIN MAMACI A KANMU

Malamai sun haɗu a kan cewa haƙƙin Musulmi idan ya rasu abu huɗu ne: wanka, da likkafani, da salla, da binnewa. Waɗannan farillai ne na kifaya, wato idan wasu suka tsaya da su sun ɗauke wa saura, idan kuwa kowa ya noƙe, to duk wanda ya sani kuma yake da iko ya yi laifi. Shari'a ta ɗora wannan nauyi ne a wuyan jama'ar Musulmi, kuma biyan kuɗi ga wani ba ya sauke shi matuƙar ba a yi aikin yadda aka shar'anta ba.

Sunna ta siffanta waɗannan ayyuka da gaggawa da sauƙi. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (R.A) umarnin Manzon Allah (S.A.W) na a gaggauta kai gawa makwancinta. Ummu Aɗiyya (R.A) ta ba mu labarin yadda ya koyar da su wankan 'yarsa da ruwa da magarya, sau uku ko biyar ko fiye idan da buƙata, a fara da ɓangaren dama da gaɓoɓin alwala, a sa kafur a wanki na ƙarshe. Nana A'isha (R.A) ta shaida cewa shi kansa an yi masa likkafani da fararen tufafi uku na auduga, babu riga babu rawani. Mus'abu ɗan Umairu (R.A), wanda ya taso cikin gata a Makka, da ya yi shahada a Uhudu ba a sami abin rufe shi ba sai mayafi ɗaya, idan an rufe kai ƙafafu su fito, idan an rufe ƙafafu kai ya fito, sai aka yi umarnin a rufe kansa a sa ciyawar izkir a ƙafafunsa. Wannan ita ce jana'izar mafifitan wannan al'umma, kuma da ita za mu auna duk abin da wani kamfani zai tallata mana.

MENE NE KAMFANIN JANA'IZA?

Kamfanin jana'iza sana'a ce ta neman riba kamar kowace sana'a. Su ne ke ɗauko gawa daga asibiti ko gida, su ajiye ta a ɗakin sanyi, su cike takardun hukuma, su sayar da akwati, su ba da hayar mota da ɗakin taro. Ba mu ce dukkansu macuta ne ba, cikinsu akwai masu gaskiya da mutunta addinin mutane. Sai dai an gina sana'ar ne a kan al'adar da ba tamu ba, kuma ana cinikin ne da mutumin da zuciyarsa ta karye, wanda ba ya iya tayawa balle ya ƙi.

Babban abin da ya kamata mu sani shi ne aikin hana gawa ruɓewa. Mutanenmu da yawa suna zaton wata 'yar allura ce ake yi. Haƙiƙanin abin kuwa, ana tsaga jijiyar wuya ko ta cinya a tsiyaye jinin mamaci, a ɗura masa ruwan magani mai fomalin a madadinsa, sannan a soka wani dogon ƙarfe a ciki a zuƙe abin da ke cikin hanji da ƙirji. Bayan haka a ɗinke baki, a yi wa fuska kwalliya, a sa masa tufafin ado a ajiye don mutane su zo kallo. Wannan al'ada ta yaɗu a Amurka ne a lokacin yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865, saboda a iya mayar da gawarwakin sojoji garuruwansu, ta kuma ƙara karɓuwa bayan da aka zaga da gawar shugabansu Abraham Lincoln a jirgin ƙasa kusan mako biyu a 1865. Mu kuwa Abu Dawuda ya ruwaito mana daga Nana A'isha (R.A) cewa karya ƙashin mamaci daidai yake da karya shi yana raye. Alfarmar jikin Musulmi ba ta faɗuwa da fitar ransa.

Sai maganar kuɗi. Ƙungiyar masu kamfanonin jana'iza ta Amurka ta ƙiyasta cewa a 2023 matsakaicin kuɗin jana'iza irin tasu, mai kallon gawa da binnewa, ya kai dala 8,300, ban da kuɗin filin kabari. Tsada na cikin dalilan da suka sa ƙona gawa ya rinjayi binnewa a can: a Amurka ana ƙona kimanin 60 cikin 100 na masu mutuwa, a Birtaniya kuwa kusan 80 cikin 100. Saboda haka kada mu yi mamaki idan an kawo wa ɗan'uwanmu mai ƙaramin ƙarfi shawarar ƙonawa a matsayin rangwame. Ƙona gawar Musulmi haramun ne babu saɓani, domin Allah Ya lissafa sanya ɗan Adam a kabari cikin ni'imominSa a Suratu Abasa.

ABIN DA DOKARSU TA BA MU

Yawancin ɓarnar da ake yi wa gawarwakinmu a can tana faruwa ne saboda an ce wa dangi “haka doka ta ce”, su kuwa ba su san dokar ba. A Amurka akwai ƙa'idar gwamnatin tarayya da ta fara aiki a 1984, wadda ta wajabta wa kamfani ya faɗi farashinsa ko ta waya ce, ya kuma miƙa wa wanda ya zo takardar farashin kowane abu daki-daki. Ban da kuɗin hidimarsu na asali, mutum yana da damar ya zaɓi abin da yake so ya bar saura. Ba su da ikon cajin kuɗin aikin hana ruɓewa ba tare da izinin dangi ba, kuma babu jihar da ta wajabta shi a kan kowace gawa. Inda aka sa sharaɗi saboda jinkiri, galibi ɗakin sanyi yana wadatarwa. Wanda ya sayo akwati daga waje ba za a ɗora masa tara ba. Gaskiya ne a wasu jihohi, kamar jihar Niyok, doka ta tilasta sa hannun mai lasisin jana'iza, don haka babu makawa sai an yi hulɗa da su. Amma tilasta sa hannunsa daban, tilasta sayen hajarsa daban.

A Ingila kuwa doka ba ta wajabta ɗaukar kamfani ba, ba ta kuma wajabta akwati ba, sai dai kowace maƙabarta tana da nata sharuɗɗa. Tun 2021 aka tilasta wa kamfanoni su manna jadawalin farashinsu a fili. Abin da yakan kawo jinkiri shi ne takardu: daga watan Satumba na 2024, duk mutuwar da ba ta je gaban jami'in binciken musabbabin mutuwa ba, sai wani likita mai zaman kansa ya duba ta kafin a yi mata rajista a ba da izinin binnewa. Idan mutuwar ta fuju'a ce, jami'in yana da ikon ya sa a buɗe gawa. Wannan larura ce da ba laifin dangi a cikinta, amma suna iya roƙon a yi binciken da na'urar ɗaukar hoton cikin jiki maimakon wuƙa, ko da su za su biya. A 2018 Babbar Kotu a Landan ta yanke cewa haramtacce ne jami'i ya kafa tsarin ƙin la'akari da addinin waɗanda ke buƙatar binnewa da wuri. Wata ƙungiyar binne Yahudawa ce ta shigar da ƙarar, Musulmi suka mara mata baya, muka amfana gaba ɗaya. Da ba su da ƙungiya, ba su kuma san dokar ba, da ba a sami wannan hukunci ba.

SHARUƊƊANMU GA KAMFANI

A ma'aunin fiƙihu, hulɗarmu da kamfani ijara ce. Ya halatta a ɗauki wanda ba Musulmi ba hayar ɗaukar gawa a mota, da ajiye ta a sanyi, da haƙa kabari, da bin takardu. Kamfani ɗan aike ne, ɗan aike kuwa ba ya wuce saƙon da aka ba shi. Don haka wanda zai zauna da su ya tafi da mutum biyu masu natsuwa, ɗaya ya san addini ɗaya ya san harshe da dokar ƙasar, kuma a rubuta waɗannan a cikin yarjejeniya:

Na farko, kada a taɓa jikin da magani ko wuƙa ko kwalliya, kada a aske gashi, kada kuma a ajiye shi don kallo.

Na biyu, su ba mu ɗaki da ruwa mu yi wankan da kanmu, maza su wanke namiji, mata su wanke mace. Miji da mata suna iya wanke junansu, kamar yadda Asma'u 'yar Umaisu ta wanke mijinta Sayyidina Abubakar (R.A). Al'aurar mamaci tana nan a matsayinta, ba a yaye ta gaban ma'aikata.

Na uku, mu zo da likkafaninmu. Idan ƙasar ta tilasta akwati, kamar Faransa, ko ƙasar maƙabartar tana da ruwa, to malamai sun yi sauƙi saboda larura, duk da cewa asalinsa makaruhi ne. Sai a ɗauki mafi araha na katako, a kwantar da mamaci a gefensa na dama. Inda maƙabarta ta nace sai an sa akwatin siminti a cikin kabari don kada ƙasa ta lotsa, sai a nemi wanda ba shi da gindi.

Na huɗu, a tabbatar da alƙibla. Mu mun saba da cewa alƙibla gabas ce, har mun mai da kalmomin biyu abu ɗaya. A Landan alƙibla kudu maso gabas take, a Niyok kuwa arewa maso gabas. A je da kai a duba filin kafin a biya.

Na biyar, a tambayi wa'adin kabarin. A Jamus da Faransa da wasu ƙasashen Turai hayar kabari ake bayarwa ta wasu shekaru, idan wa'adi ya cika ba a sabunta ba, ana iya ba wa wani wurin. A san wannan tun farko, a kuma san wanda zai riƙa sabuntawa.

Na shida, mu ne za mu yi salla, mu ne za mu saka shi a kabari da hannunmu, mu tsaya mu roƙa masa gafara da tabbata. Babu kiɗa, babu furanni, babu gini a kan kabari, domin Muslim ya ruwaito hanin yin gini a kan kabari daga Jabir (R.A).

“A KAWO MANA SHI GIDA”

Yanzu mun zo kan abin da ya shafe mu kai tsaye, mu da muke ɗaukar waya a nan gida. Sau da yawa 'yan'uwa na can sun gama shiri, sun sami fili a maƙabartar Musulmi, sai magana ta fito daga gida cewa lallai a kawo shi. Mun san ciwon da ke zuciyar uwar da ta yi bankwana da ɗanta a filin jirgi ba ta sake ganinsa ba, kuma ba mu raina wannan ciwo. Amma wajibi ne ta san abin da ke cikin wannan buƙata.

Asalin Sunna shi ne a binne mutum a maƙabartar Musulmin garin da ya rasu. Jabir (R.A) ya ruwaito cewa da aka fara ɗauko shahidan Uhudu zuwa Madina, sai mai shelar Manzon Allah (S.A.W) ya yi umarnin a mayar da su inda suka faɗi. Sahabbai sun bazu a duniya, kaburburansu suna Sham da Misra da Iraƙi, Abu Ayyuba al-Ansari (R.A) yana kwance a Istanbul ta yau. Kakanninmu da suka bi hanyar Gwanja fatauci, da waɗanda suka nufi Makka a ƙafa ta Sudan, inda ajali ya same su nan aka rufe su. Alhazanmu da suke rasuwa a ƙasa mai tsarki ma can ake barin su.

Ba mu ce ɗaukar gawa daga gari zuwa gari haramun ne a kowane hali ba. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas da Sa'idu ɗan Zaidu (R.A) sun rasu a Aƙiƙ aka ɗauko su zuwa Madina. Malaman Malikiyya sun halatta da sharaɗin kada gawa ta canja a hanya, kada a keta alfarmarta, kuma ya kasance akwai maslaha. To mu ɗora waɗannan sharuɗɗa a kan halin da ake ciki. Galibin kamfanonin jiragen sama da ofisoshin jakadanci ba sa karɓar gawa sai an yi mata aikin hana ruɓewar nan da muka siffanta, an kuma rufe ta a akwati mai rufin ƙarfe a ciki. A Ingila sai an sanar da jami'in binciken mutuwa an jira izininsa kafin a fitar da ita. A haɗa da neman gurbi a jirgi da tara kuɗi, sai a ga kwanaki sun zama makonni. Wani zai ce ai tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya rasu a Landan ranar 13 ga Yuli, 2025, aka binne shi a Daura ranar 15. Haka ne, amma jirgin gwamnati ne ya ɗauko shi, ƙofofin ofisoshi kuma a buɗe suke gare shi. Ɗalibi ko direban tasi ba shi da wannan.

Sannan kuɗin daga ina? Shari'a ta tsara cewa daga dukiyar mamaci ake fara cire kuɗin jana'izarsa gwargwadon abin da aka saba, sai bashi, sai wasiyya da ba ta wuce sulusi ba, sai gado. Abin da ya wuce gwargwado ba a ɗaukarsa daga rabon marayu. Tirmizi ya ruwaito cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya. Wace irin ƙauna ce za ta sa mu kashe dubban daloli a kan akwati da jirgi, alhali mai bin sa bashi yana jira, 'ya'yansa kuma ba su da kuɗin makaranta? Abin da ke isa ga mamaci shi ne addu'a da sadaka da biyan bashi, waɗannan kuwa ba su buƙatar biza. Inda babu maƙabartar Musulmi sam, ko ana tsoron a tone shi, a nan ne ɗaukowa take zama maslaha.

Game da sallar ga'ib, Manzon Allah (S.A.W) ya yi wa Najjashi sarkin Habasha a shekara ta 9 bayan Hijira. Imamu Shafi'i da Imamu Ahmad sun ga halaccinta, Imamu Malik da Abu Hanifa sun ga ta keɓanta da shi, Ibnu Taimiyya kuma ya zaɓi a yi ta ga wanda ba a sallace shi ba a inda ya rasu. Mas'ala ce ta saɓani, kada ta zama sanadin rigima a gidan makoki.

BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Abdullahi Yusuf Ali, wanda miliyoyin mutane suka karanta tarjamarsa ta Alƙur'ani da Ingilishi, ya rasu a Landan a watan Disamba na 1953 yana tsoho shi kaɗai, ba dangi a kusa da shi. Ofishin jakadancin Pakistan ne ya ɗauki nauyin binne shi a sashen Musulmi na maƙabartar Brookwood. Idan mai irin wannan suna ya iya shiga wannan hali, ina ga yaronmu da ke kwana a ɗakin haya ba wanda ya san shi? Dokar Ingila ta 1984 ta ɗora wa ƙaramar hukuma ta binne ko ta ƙona wanda ba a sami mai ɗaukar nauyinsa ba, amma ta hana ta ƙonawa idan tana da dalilin zaton mamacin ba ya so. Ke nan 'yar takarda ɗaya a aljihu tana iya raba gawar Musulmi da wuta. Ibnu Umar (R.A) ya ruwaito kwaɗaitarwar kada mai abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa tana rubuce ba.

Saboda haka muna kira ga duk wanda yake da ɗa ko ƙane a waje ya umarce shi da abu uku. Ya rubuta wasiyya bisa tsarin dokar ƙasar, ya bayyana cewa shi Musulmi ne, a binne shi inda ya rasu, ya ambaci wakilinsa da basussukansa. Ya haɗa kansa da masallacin Ahlus Sunna mafi kusa, a san fuskarsa a sahu. Ya kuma shiga asusun taimakon jana'iza na jama'a, wanda aka gina a kan taimakekeniya babu riba a ciki. Musulmin Landan sun nuna abin da haɗin kai yake yi, da suka buɗe maƙabartar Gardens of Peace a 2002, inda kaburbura suke iri ɗaya, ba a bambanta mai kuɗi da talaka. Kowace jama'a tamu a can ta horar da maza da mata masu wanka, ta kuma ƙulla yarjejeniya da kamfani ɗaya amintacce tun kafin buƙata ta taso.

Mu ma na gida kada mu saki jiki. Mun fara ganin ana kai gawa mutuware ana jiran wane ya iso daga Abuja ko Legas, mun kuma daɗe muna fama da sadakar uku da bakwai da arba'in, inda ake dafa wa masu rai abinci da dukiyar marayu. Sunna ita ce maƙwabta su dafa su kai wa gidan mutuwa, kamar yadda aka yi umarni a yi wa iyalan Ja'afar (R.A) bayan yaƙin Mu'uta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yaƙi bidi'o'in jana'iza da na kaburbura a zamaninsa, bai kamata mu da muke da'awar bin sawunsa mu ƙara musu da waɗanda aka shigo da su daga ƙetare ba.

Muna roƙon Allah Ya jiƙan mamatanmu na kusa da na nesa, Ya haskaka kaburburansu, Ya tsare 'ya'yanmu da ke baƙunci a ƙasashen mutane. Ya sa mu cika da kyau da imani, Ya kuma haɗa gawarwakinmu da hannayen masu tsoronSa.